Ƙadangaren Bakin Famfo

"Tsallake ni ki wuce, kada ki yi mini magana," in ji Baba Tela, goshinsa a kan tabarma. "Za ki ɓata mini numfashi."

Na tsallake shi da bokitina. Gidan haya ne, famfo ɗaya gare mu, shi kuwa sai a kan hanyar famfon ya ga damar shimfiɗa tabarmarsa kullum da safe. Ya kwanta rub da ciki, ya kafa tafukansa, ya ɗago ƙirji a hankali yana nishi, sannan ya koma. Likitar ƙashi ce ta koya masa. Wani motsa jiki ne, wai yoga, sunan kwanciyar kuma kumurci.

"Wane irin kumurci?" in ji matarsa. "Ƙadangare dai."

Keken ɗinki ne ya cinye masa baya. Babban ɗansa ya riga ya yanke magana: ƙarshen wata zai zo ya sayar da keken, ya tafi da su gidansa. Baba Tela ya ce sai dai bayan ransa. Suka yi ta ja, har ɗan ya gaji.

"To, Baba. Ranar da na zo, in ka ɗauki allura daga ƙasa ba ka dafa bango ba, na bar ka."

Ni dai, Allah ya sani, na gaji da tsallake tsoho da ruwa a ka. Amma abin ya yi masa aiki. Ya daina kiran matarsa ta sa masa takalmi. Wata safiya ya yafuto ni ƙofar shagonsa.

"'Yata, zo ki zama shaida."

Ya saki allura. Ya sunkuya sannu-sannu, bayansa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya ɗauko ta, ya miƙe yana haki. Ya soke ta a tsumman da ke ɗaure a wuyan keken.

"Kada ki gaya wa kowa. Da idonsa nake so ya gani."

Saura 'yan kwanaki ɗan ya zo, na fito na tarar da matar zaune a kan kujerar tsuguno, ta rufe masa shayi da faranti. Shi yana kwance, goshi a tabarma, tafuka a kafe.

"Yaya, yau bai tashi ba?"

"Yi a hankali," ta ce da raɗa. "Kin san halinsa."

Ta ce har shara ta yi, ta kewaye shi da tsintsiya. Na taɓa kofin, ya yi sanyi ƙalau. Na taɓa ƙafar Baba Tela. Sai na ajiye bokitin.

Likita ya ce zuciya ce. Matar ba ta yi ihu ba, ta dai yi ta maimaitawa, "Shi fa ya ce kada a yi masa magana."

Bayan masu ta'aziyya sun watse na sami ɗan a shago, zaune a kan bencin ubansa. Na nuna masa allurar.

"Ya ɗauka. A gabana, bai dafa komai ba."

Ya daɗe yana kallonta. Ya zare ta, ya juya, ya mayar da ita daidai ramin da ta fito. Keken yana nan, an lulluɓe shi da zane.

Tabarmar kuma an naɗe ta tuni. Amma har yau in na nufi famfo da bokiti, ina zuwa wurin sai ƙafata ta ɗaga.