Ƙanwar Hasiya daga Sumatra

"Kak... Kak..."

Hasiya, wadda ake kira Maman Salma, ta ajiye kofin ruwan ta matso bakin gado. "Ga ni, Rosmi. Ina nan."

Kwana biyu ke nan da dokar hana fita ta rufe Jos saboda rikici, a ƙarshen Nuwamban 2008. Hayaƙi bai gama lafawa a Dilimi ba, kuma babu motar da za ta ɗauki mara lafiya zuwa asibiti. Labaran, mijin Rosmi, rikicin ya ritsa da shi a Kuru da motarsa ta haya.

A Jidda ya auro ta, lokacin yana tuƙi a can. 'Yar Indonesiya ce, daga Sumatra. Ranar da ta fara kiran Hasiya "Kakak" sai da aka kusa ɓatawa.

"Ni ce kakarki? Shekara nawa na ba ki?"

Labaran ya yi dariya, ya ce a garinsu haka ake kiran yaya mace, ba a kiran babba da sunansa tsirara. Shi ma "Abang" take ce masa, wato yaya namiji, har yaran layin suka ɗauka. Shekara ashirin suna katanga ɗaya da Hasiya, Rosmi ta iya Hausa har da habaici. Amma tun jiya da ɓarin jikinta ya shanye, Hausar ta tafi gaba ɗaya.

Yanzu ta riƙe hannun Hasiya tana wata doguwar magana, hawaye na gangara mata cikin kunne. Hasiya ta kasa tsintar komai. Ta kira Labaran, da ƙyar layin ya shiga, ta kara wa Rosmi wayar a baki, sannan ta mayar da ita kunnenta.

Labaran ya ce:

"Maman Salma, ba ke take kira ba. Yayarta ce ta can, wadda ta raine ta. Ta yi mata alkawarin komawa gida, har matar ta rasu ba ta je ba. Gafara take nema."

"To ni yaya zan yi?"

"Ki ce mata, 'Sudah, Dik.' Ya wuce, ƙanwata."

Hasiya ta dubi Rosmi. Ita ce za ta yafe abin da ba ita aka yi wa ba? Ta yaudari mai shirin gamuwa da Ubangijinta, da bakin matacciya?

"Malam Labaran, wannan ba haƙƙina ba ne."

"Ni na hana ta tafiya," in ji shi. "Kullum sai in ce baɗi. Don Allah, Maman Salma."

Ta ajiye wayar a kan matashi, ba ta kashe ba. Rosmi na kallon ta, tana jira. Hasiya ta share mata hawaye da gefen zani.

"Sudah, Dik."

Ba ta san ko ta faɗe shi daidai ba. Ta sake faɗa. Yatsun da suka damƙe ta suka ɗan sassauta. Sai ta fara yi mata kalmar shahada a hankali, leɓɓan Rosmi suna bi, har suka daina bi.

Ta rufe mata idanu, ta ja mayafi. Can a titi motar sojoji ta wuce. Daga kan matashi, 'yar muryar Labaran tana fitowa daga cikin wayar.

"Maman Salma? Ta yi barci ne?"