Haɓar Kaltume Mai Wankan Gawa

A shekarar da gero ya ƙone a tsaye, Kaltume mai wankan gawa ba ta ga hutu ba. Ran wata Laraba mata uku ta wanke a ƙauyensu na bayan Makoda, ta ukun ita ce Huseina, matar Mika'ilu. Kaltume ta zagaya da ƙyalle za ta ɗaure mata haɓa ke nan, sai ta ji muƙamuƙin ya motsa a tafin hannunta. Maza na waje suna ta cewa a yi sauri, rana ta yi sanyi. Ta ja ƙullin, ta ja bakinta.

Ba a yi wata biyu ba wani kumburi ya bayyana gaban kunnenta, da tauri kamar ƙwallon dabino. Haɓarta ta karkace. In ta tauna sai ka ji ƙas. Da farko yatsa uku ke shiga bakinta, ya koma biyu, ya koma ɗaya. Wanzami ya yi ƙaho, ya yi sakiya, duk a banza. Mutanen gari, da ba sa rasa bayani, suka ce iska ce. Ita kam ta san mai ɗaure ta. Tsoro ya cinye ta, amma can ƙasan ranta tana jin sauƙi, don a ganinta alhaki take biya, ba sai ta gaya wa kowa ba.

Mika'ilun nan, bawan Allah, shi ke kawo mata koko tana zuƙa ta gefen baki. Shi ya kai ta asibiti a birni.

Likita ya ɗaga hoto ya ce, "Inna, ƙashi ne ya yi tsiro a gaɓar. Ba mugun ciwo ba ne. Ya fi shekara biyar yana girma a hankali."

Shekara biyar! Lokacin Huseina na nan da ranta tana daka. Ashe ba wanda ya ɗaure Kaltume, ba ta kuma biya komai ba.

Aka yanke ƙashin, baki ya buɗu. Ran da aka sallame ta Mika'ilu ya zo da fura, fuskarsa cike da murna.

"Inna, yau dai a sha da ludayi."

Ta ture ƙwaryar gefe.

"Zauna, Mika'ilu. Ranar da aka kai Huseina, ban tabbata ta cika ba."