Gurbin Kalma Ɗaya

Ni ce sakatariyar kwamitin koke-koken ma'aikata a kamfaninmu, wato ni ke rubuta abin da manya suka faɗa, in kuma goge wanda suka yi da-na-sanin faɗa. Shekara shida ina wannan aikin, ban taɓa ganin ƙarar da ta sa su gumi kamar ta Iya mai shara ba.

Iya ta shekara goma sha tara tana share hawa na uku. Ƙarar manajan hawan ta kawo. Bai zage ta ba, bai dake ta ba. In ta gaishe shi, tsaki yake ja. In zai kira ta, yatsu yake ƙyastawa. In ta taɓa mariƙin ƙofa, sai ya zaro hankici ya goge a kan idonta kafin ya kama. Ita kuwa ba wani abu take nema ba, a ce masa ya daina, a bar ta da aikinta har autarta ta gama makaranta.

Matsalar fom ɗin ne. Da Turanci aka buga shi, kuma yana da gurbi guda da za a rubuta laifin da kalma ɗaya tak. Littafin dokokinmu ya jera kalmomi uku na wulaƙanci, kowace da hukuncinta. Rude, a ja wa mutum kunne da baki. Scornful, takardar gargaɗi. Contemptuous, sallama daga aiki. 'Yar Iya ta cike mata komai, amma ta bar gurbin fayau, ta ce ita ba ta san wacce ta fi ciwo ba.

Mutum uku ne a kwamitin: Ciyaman, lauyan kamfani, da wani da muke kira Ƙamus saboda ya yi kwas na wata tara a waje, har yau bai huce ba. Manaja bai zo ba, an ce ayyuka sun yi masa yawa.

Ƙamus ne ya fara. "Rude dai ku cire ta. Wannan ta 'yan tasha ce. Mutum mai digiri biyu ba ya zama rude."

Lauya ya buɗe wani ƙaton littafi ya bi layi da yatsa. "Scornful kuma sai an ga leɓe ya karkace. Iya, ta wane ɓangare leɓensa ke karkacewa, dama ko hagu?"

"Ranka ya daɗe, ni ƙasa nake kallo."

"Kun ji ko? Babu shaida."

"Amma tsakin ina jin sa, wallahi har cikin raina."

Ƙamus ya yi 'yar dariya ta hanci. "Tsaki babu shi a Turanci. Abin da kuwa babu shi a Turanci, yaya doka za ta san da zamansa?"

Haka aka kwashe awa biyu. An kawo shayi da biskit, sun sha, sun ƙara. Kujeru huɗu na nan babu kowa a kai, amma ba wanda ya ce wa Iya ta zauna. Ciyaman yana ta cewa "matar nan" alhali tana tsaye gabansa. Da shayinsa ya zube, ita ta durƙusa da tsumma, shi kuma ya ɗaga ƙafafu bai ko kalle ta ba, yana ci gaba da bayanin cewa wulaƙanci abu ne mai wuyar ganewa. Raina ya ɓaci, amma na ci gaba da rubutuna, nima ina da 'ya'ya.

Can dai Ciyaman ya gaji. "Ke, tunda bakinki ya kasa, gwada mana. Ki ɗauka ni ne ke, ke ce manaja. Zan gaishe ki."

"A'a, ranka ya daɗe, rufa mini asiri."

"Umarni ne."

Ya gyara murya ya ce, "Ina kwana?"

Iya ta ajiye tsumma. Ta miƙe sosai, sai a ranar na san doguwa ce. Ta dube shi daga hula zuwa takalmi, a hankali, ta sake dawowa sama, kamar mai duba naman da ya kwana. Sannan ta ja tsaki, dogo, mai kauri, na shekara goma sha tara. Ta ƙyasta masa yatsu biyu a gaban hanci. Daga nan ta kama gefen mayafinta ta goge inda hannunsa ya taɓa a teburin, ta karkaɗe mayafin.

Fuskar Ciyaman ta kumbura. Lauya ya rufe littafinsa, bai ma buƙaci dubawa ba.

"Contemptuous," in ji Ƙamus, murya ƙasa-ƙasa.

"Contemptuous!" Ciyaman ya buga tebur. "A gaban kwamiti! Sakatariya, rubuta."

Na yi murna, Allah ya sani. Na jawo fom ɗin Iya zan cike gurbin, sai lauya ya ɗora hannu a kai ya miƙo mini sabo. Tsohon, in ji shi, na laifin manaja ne, kuma tunda ba a samo masa kalma ba, an rufe maganarsa. Sabon na laifin Iya ne, kuma akwai shaidu uku da suka gani da idonsu. Minti huɗu aka yi aka gama. Da hannuna na buga takardar sallamar.

A bakin matakala na same ta tana naɗe rigar aikinta cikin leda. Ta nuna kalmar a takardar da ɗan yatsa.

"'Yata, wannan doguwar me take nufi?"

Na ce, "Iya, a mayar da mutum ba a bakin komai ba."

Ta jinjina kai, ta ninke takardar gida huɗu ta ƙulle a bakin zani.

"Ashe suna da ita," ta ce. "Da na san sai ta taɓa su suke tuna ta, ai da ban ba su wahalar awa biyu ba."