Shirun Garke

Tunkiyar farko ta haihu da hantsi. Ɗan ya fito ƙafafu a ƙage kamar an naɗe su, wuyansa a murɗe yana kallon bayansa. Gwaggo, wadda ta tsufa tana kiwo a garken nan, ta binne shi bayan ɗakin dusa, ta ce tsautsayi ne. Kafin wata ya mutu, ramukan 'yan ragunan da ta binne sun yi layi.

Shirun ne ya fi damunta. Lokacin haihuwa ne, lokacin da kukan 'yan raguna kan hana mutum jin maganar na kusa da shi. Sai ga iyaye tsaye, hantsa cike, suna tuƙa, suna bin ta da ido duk inda ta yi.

Daga baya jar saniya ta haifi maraƙi kyakkyawa, ba inda ya karkace. Gwaggo har ta yi hamdala. Maraƙin ya miƙe, ya taka har bango, ya jingina goshinsa, ya tsaya. Uwar ta lashe shi, ta kira shi, ko kunne bai kaɗa ba. In an sa masa nono ya tsotsa, in an cire ya yi tsit, ido buɗe.

Ranar da ya mutu likitar dabbobi ta zo. Ta shimfiɗa buhu, ta buɗe ƙoƙon kan. Ruwa ne garai-garai ya kwaranyo, ya bi siminti. Ciki fayau.

"Ina ƙwaƙwalwar, 'yar nan?"

"Ba ta taɓa tsirowa ba, Gwaggo. Kin tuna ƙananan ƙudajen nan masu cizo, da suka yi yawa bayan ruwan sama? Su suka sa wa iyayen cuta suna da ƙaramin ciki. Uwar ta warke ba wanda ya sani, ɗan ne ya kwasa."

Suka ji an ajiye bokiti. Matar ɗan Gwaggo ce a bakin ƙofa, hannunta kan tsohon cikinta.

"Ni nake tatsa a lokacin," ta ce. "Har ƙafafuna suka kumbura don cizonsu."

"Ba a san wannan cuta da kama mutum ba," in ji likitar.

Gwaggo ta riƙe kalmar nan, ba a sani ba. Ta hana surukar tata shiga garke, duk da ta san an riga an makara.

Da surukar ta haihu, Gwaggo ta karɓi jaririn ta zare zanin. Ta miƙe masa ƙafafu, ta lanƙwasa, ta juya wuyan, ta bi kansa da yatsu.

"Baiwar Allah, jika aka ba ki ko rago kike tayawa?" in ji ungozoma.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta tafa hannu daidai kunnensa. Ya zabura, ya callara kuka. Ta ƙi miƙa shi, ta zauna tana saurare har sai da uwar ta roƙe ta.