Takardun da Duane Bai Buɗe Ba

Tun muna yara na san taurin kan ƙanena Duane sai ya jawo mana kuka wata rana. Abin da ban zata ba shi ne ta akwatin wasiƙu zai zo.

Ɗansa ɗaya tilo, Tobias, muna ce masa Toby. Uwarsa ta rasu yana da shekara tara, ni na ƙarasa rainonsa, don layi biyu ne tsakanin gidana da nasu a nan Toledo. Da ya kai ashirin da uku, uban ya sama masa aiki a masana'antar gilashi inda shi kansa ya shekara talatin da huɗu. Yaro ya yi sati uku ya ajiye, wai shi girki zai je ya koya a can garin Tucson mai nisa. Ranar tafiyarsa ina tsaye a bakin ƙofa.

"Je ka ka soya wa mutane ƙwai," in ji Duane. "Sunanka na kan inshorar lafiyata har ka cika ashirin da shida. Doka ce ta ba ka, ba ni ba. Ban da wannan kada ka neme ni."

"Ba zan nema ba."

Kuma suka cika alkawari, su biyun, marasa kan gado.

A shekarar ya kamata Duane ya yi ritaya, gwiwoyinsa sun gama yawo. Bai yi ba. Da na tambaye shi sai ya ce, "In zauna a gida in kalli me, fuskarki?" Amma na san dalili. Duk ranar da ya bar aiki, inshorar za ta tafi, ta yaron ma ta bi ta. Ya gwammace ya riƙa jan ƙafa zuwa bakin tanderu da ya ɗaga waya ya ce, ɗana, ya kake.

Toby kan kira ni jefi-jefi, ya ce komai lafiya, ya ba ni labarin miyar barkono. Sai wata Asabar da hantsi, ina wanke kwanuka, ya kira da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Gwaggo, ina asibiti. Sankarar jini ce. Wata bakwai ke nan."

Na zauna a ƙasa, hannuna duk kumfa. "Wata bakwai, Toby? Haba! Wata bakwai kana ba ni labarin barkono?"

"Ban so ki tayar da hankalinki ba. Yanzu kuma sun ce maganin bai karɓe ni ba."

"Ubanka fa? Ka faɗa masa?"

Ya yi wata 'yar dariya wadda har yau take min ciwo. "Ai ya sani. Duk ranar da na shiga asibiti, kamfanin inshora na aika wa mai inshorar takarda. Sunana na ciki, da ranar, da abin da aka yi min. Gidansa suke zuwa, Gwaggo. Farkon zuwan ta farko, kwana uku ban rabu da waya ba, har wanka da ita nake shiga. Na ce zai kira ko da zagina ne ya yi. Shiru. Sai na gane da gaske yake."

Ko takalmin kirki ban sa ba. Na shiga mota da silifas ina zagin Duane tun daga ƙofar gidana har tasa. Na same shi a kicin yana shafa man gyaɗa a burodi.

"Kai wane irin uba ne? Wace irin zuciya Allah ya ba ka? Ɗanka na can yana mutuwa, kai kana nan kana cika ciki!"

Ya tsaya da wuƙa a hannu. "Marlene, kin sha wani abu ne da safen nan?"

"Takardun inshora! Wata bakwai suna zuwa maka!"

"Waɗancan? Wa yake buɗe waɗancan? Ai ba takardun neman biya ba ne, su da kansu suke rubuta haka a sama. Na maganin gwiwata ne."

Ya nuna min kwandon da ke bayan ƙofa, inda yake tara takardun tallan kantuna kafin ranar kwasar shara. Da yake mutum ne mai tsoron zubar da takarda mai sunansa, ya ware su gefe ya ɗaure da roba. Na ɗauko damin. Ko ɗaya ba a yage bakinta ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, haka nawa suke a aljihun tebur. Duk layinmu haka muke yi.

Ya buɗe ta sama da wuƙar man gyaɗan. Ya karanta. Ya buɗe ta biyu, ta uku, leɓensa na motsi. Sai ya dafa tebur ya ce a hankali, "Yana zaton na gani?"

"Yana zaton ka gani ka yi shiru."

Ban taɓa jin kuka irin wannan daga bakin namiji ba, ko ranar da muka binne matarsa.

Ya kira Toby, ba a ɗauka ba. Na kira, ba a ɗauka ba. Ya bar saƙon murya, da ƙyar ake gane abin da yake faɗa. Muka sami jirgin sama na washegari zuwa Tucson. Kafin mu isa zazzaɓi ya rufe Toby, ashe tun bayan da muka gama magana ya fara, har an sa masa na'urar numfashi an ba shi maganin barci. Wayarsa na cikin leda tare da agogonsa, saƙon uban na nan ba a saurara ba.

Kwana huɗu Duane na zaune a gefen gadon, riƙe da ƙafar yaron. Magana ɗaya yake ta maimaitawa: "Ban buɗe ba, ɗana. Wallahi ban buɗe ba." Ma'aikaciyar jinya ta ce wani lokaci masu irin wannan barcin suna ji. Ni ban sani ba. Na zuba wa fuskar nan ido har idona ya yi zafi, ban ga alamar komai ba, kuma ba zan yi wa Duane ƙarya in ce na gani ba. Ranar Alhamis da rana Toby ya cika, saura wata biyar ya kai ashirin da shida.

Muka kawo shi gida muka binne kusa da uwarsa. Duane ya ajiye aiki a satin, ya ce ba shi da sauran abin yi a can.

To su takardun nan ba sa zuwa da wuri, sai bayan sati biyar ko shida da yin abu. Saboda haka muna gama zaman makoki suka ci gaba da zuwa, kamar yaron na can yana shan magani. Kullum ƙarfe sha ɗaya Duane na tsaye a bakin akwatin wasiƙu da gwiwoyin nan nasa, yana jiran mai rabon wasiƙu. Ya kai takardar ciki, ya buɗe a tsanake, ya karanta layi-layi, ya zo ya faɗa min: ranar kaza an ƙara masa jini, ranar kaza an ɗauki hoton ƙirjinsa. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya hana ni magana.

Jiya na je na tarar da shi a bakin akwatin, hannu ba komai.

"Sati biyu ke nan babu," ya ce. "Marlene, kina ganin akwai saura?"