Gurbin Basilla

Shekarar da sojoji suka koma bariki, takalman waje masu arha suka cika kasuwannin Kano, ciniki ya ja baya a gidan ɗinkin takalma na Alhaji Mailafiya da ke Gwammaja. Alhaji bai tsaya ƙorafi ba. Ya ɗauko Jibrin daga wani kamfani a Sharaɗa, ya ce ya tsara wa ma'aikata horo kan sabon salon aiki: ba a yanka fata sai da oda, ba a tara tarkace, kuma ba mai ɓata safiya wajen neman almakashi.

Wannan na ƙarshen shi ya soki Baba Lawal, babban maɗinkin gidan. Shekara da shekaru, duk abin da ya ɓace a cikin tulin fatun nan shi ake tambaya. "Baba, ina guduma?" Sai ya yi gyaran murya, ya ja aji, sannan ya nuna da haɓa. To yanzu ga Jibrin, wanda shi ya koya wa riƙon basilla, ya dawo da biro a aljihu, Alhaji sai wani "Malam Jibrin" yake ce masa. Malam! Baba Lawal ya ji kishi.

Jibrin ya kafa wani faffaɗan katako a bango, ya zana siffar kowane kayan aiki da fenti, ya buga ƙusa ya rataye kowanne a kan zanensa. Har basillar Baba Lawal mai ƙotar ƙaho, wadda ba mai taɓa ta sai shi, ta samu gurbi. Mako guda ba wanda ya tambayi Baba komai. Gaisuwa kawai, sai kowa ya wuce wajen katako.

Ranar da za a fara horon, Baba Lawal ya riga kowa zuwa. Ya zare basillar ya jefa a aljihun wando. Bari dai a nema a rasa, a gane cewa katako ba ya magana.

Alhaji ne ya fara lura da gurbin. "Lawal, ina basillarka?"

"Ni ban gan ta ba, Alhaji," in ji shi, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ai yanzu ba a tambayata. A tambayi katako."

Aka yi 'yar dariya, ya ji sanyi a ransa.

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi, ma'aikata suka zauna. Da Baba Lawal ya tanƙwashe ƙafa, tsinin basillar ya same shi a cinya. Ya cije.

Jibrin ya yi bayanin yadda horon zai tafi, ya ce shi nasa tsara wuri ne kawai. "Amma ɗinki, wanda in ya karkace fata ta tafi a banza, ba ni da bakin koyar da shi a gaban wanda ya koya mini. Na roƙi Alhaji, ya amince Baba Lawal ne zai zama malamin ɗinki na gidan nan. Yau ma da shi za mu buɗe." Ya juya wajen katako, hannunsa ya tsaya a kan zanen da ba komai. "Af, har yanzu ba a gan ta ba? Baba, ko za ka yi da wata?"

Kowa ya san amsar. Baba Lawal ya sha rantsuwa a gabansu cewa hannunsa ba ya ɗinki da basillar kowa. Ga ta nan kuma tana cizon cinyarsa, amma ya riga ya faɗa gaban Alhaji cewa bai gan ta ba.

Alhaji ya duba agogo, ya waiwayi wani maɗinki a cikin ma'aikatan. "To, kada a zauna jira, ai shi ne abin da muke yaƙi da shi. Sule, kai ma hannunka ya faɗa. Karɓi darasin, ka riƙe shi."

Sule ya tashi ya ciro tasa daga katako, ma'aikata suka matsa suka kewaye shi. Can sai wani ya ce, "Malam Sule, a nan zan huda?"

Baba Lawal na zaune a gefen tabarma, ya dafe aljihu da tafin hannu, don kada a ga ɗigon jinin da ya fara ɓullowa a farin wandonsa.