Hular Baba Kumai

A shekarun da jirgin ƙasa mai gawayi bai daina zuwa tashar Kafanchan ba, Nicholas mai majigi yakan nuna fim duk ranar Asabar da la'asar a wani ajin makarantar mishan. Sai a toshe tagogi da buhuna. Fina-finansa uku ne kacal, duk na 'yan China masu tsalle da naushi, yana ta juya su.

Dattawan ikilisiya ba su hana ba, amma sun zaunar da Baba Kumai kusa da injin. Da an fara faɗa ko wani mugun abu, sai ya tare hasken da tsohuwar hularsa. Bango ya yi duhu, sai ƙara kawai. Faɗan kuwa yana nan cikin hular, mutane ƙanana kamar tururuwa suna dukan juna, shi kaɗai yake leƙa su.

Wata rana Eli ɗan Afiniki, yaro mai shekara tara, ya diro daga kan rumbu ya karya hannu. Mai ɗori bai gama ɗaure karan ba, yaron ya ce, "Rumbun ne gajere, Mama. In na warke, tankin ruwan tasha zan hau."

"Wa ya gaya maka ana dirowa daga sama a rayu?"

"Mutumin fim. Daga bene ya diro."

"Sai me ya same shi?"

"Ba komai. Baba Kumai ya tare da hula."

Ta dake shi, bai janye maganar ba. Ta hana shi fita, ya zauna yana auna tsawon itacen mangwaro da ido. Ranar Asabar da aka sake dawo da wannan fim, ta bar citta a shanya, ta kama lafiyayyen hannunsa suka tafi.

Ta wuce yara ta tsaya a kan tsohon. "Baba, sannu. Kai ka ga abin da ya sami mai dirowar nan?"

"Na gani, 'yata. Ba na yara ba ne."

"Nawa yaron zai gani."

"Dattawa ne suka sa ni. Ke kin zama fasto ne?"

"In ya faɗo daga tanki, dattawa za su haƙa masa rami. Ni zan kwana da ɗaki babu kowa."

Mutumin fim ya hau bene. Baba Kumai ya ɗaga hula, Afiniki ta riƙe gefenta da hannu biyu. Suka ja. Tsohon yana da ƙarfi, amma ita kullum tana daka. Hular ta kuɓuce masa.

Mutumin ya diro. Ya faɗi a kan duwatsu, ƙafarsa ta juya baya, jini ya biyo kunnensa. Wata tsohuwa ta fito da gudu ta faɗa kansa tana kururuwa da yarensu.

"Mama, zai tashi?"

"Kalla dai."

Eli ya so ya ɓoye fuska a zanenta. Ta kama haɓarsa ta mayar da ita wajen bango, ta riƙe, har aka rufe mutumin da farin ƙyalle aka ɗauke shi.